Mage da jariri a sanyin ƙarshen shekara: kada a kore ta, kada kuma a bar su su kaɗai

Da zarar an yi haihuwa a gidan da ake kiwon mage, sai ka ji masu zuwa barka sun fara ba da shawara: a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Ni ban yarda da wannan ba. Haka kuma ban yarda da masu ɗora mage a gefen jinjiri don ɗaukar hoton da za a saka a Facebook ba. Su biyun ba su fahimci abin da ke faruwa a ɗaki tsakanin Disamba da Janairu ba, lokacin da hunturu ya kankama, yara suka samu hutun makaranta, gida ya cika da baƙi.

Mage ba ta da mugun nufi a kan jariri, ɗumi kawai take nema. Zafin jikinta ya kai digiri 38 zuwa 39, sama da na mutum, shi ya sa da yamma za ka same ta kwance kan murhun da ya huce ko cikin kwandon wanki. To a gidan da aka yi haihuwa, ina ne ya fi ko'ina ɗumi? Ɗakin mai jego. A cikin ɗakin kuma, shimfiɗar jariri, ga laushi, ga ƙamshin nono. Babbar mage tana da nauyin kilo 3 zuwa 5, sabon jariri kuwa kusan kilo 3 ne. Idan ta naɗe jikinta kusa da fuskarsa, ba shi da ƙarfin juya kai ko ture ta, domin yawancin yara sai sun kai wata 4 zuwa 6 suke fara juyawa da kansu. Haɗarin ke nan, toshewar hanci da baki. Maganar tana shan numfashin yaro ko aljanu ne suka aiko ta camfi ne.

Maganinsa ba shi da tsada. Idan yaro zai yi barci, dare ko rana, a duba ƙarƙashin gado da bayan labule, a fitar da mage, sannan a rufe ƙofa. Kada a dogara da gidan sauro. Mage tana hawa samansa ta mayar da shi lilo, nauyinta ya danno shi kan yaron. A kwantar da jariri rigingine a kan katifa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tulin barguna. Sanyi yana sa iyaye mata su lulluɓe yaro har ka, kuma wannan ma haɗari ne ko da babu mage a gidan. A taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in da gumi a rage kaya ɗaya. Ita kuma magen a ba ta nata wurin: kwali, tsohon zane ninki biyu, a lungun da iska ba ta bugawa. A yi hakan tun kafin haihuwa da wasu makonni, don kada ta ga rana ɗaya an rufe mata ɗakin da ta saba kwana.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan lokaci ma ba magen ba ce, kaskon garwashi ne. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi. Babba zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jariri kuwa ba zai iya faɗa ba, sai dai a ga barcinsa ya yi nauyi ana murna yana hutawa. Ƙara da cewa mage na son kwanciya daf da kasko, tsalle ɗaya za ta kifar da shi kan tabarma. Kada a kwana da garwashi a ɗaki, ko ya daina hayaƙi. Janareto ma a ajiye shi a fili, nesa da taga. Robar ruwan wankan jego mai tafasa kuma kada a bar ta a buɗe ko na minti ɗaya.

Sai batun lafiyar ita dabbar, wanda a nan ne mafi yawan gidaje suke sakaci. Mage na iya ɗaukar ciwon haukan kare. Ana yi mata allurar rigakafi daga wata 3 da haihuwa, a kuma sabunta yadda likitan dabbobi ya tsara, galibi duk shekara. Maganin tsutsar ciki kuwa duk bayan wata 3 ga mai fita waje tana kama ɓera. A duba fatarta: in ka ga wurin da gashi ya zube a zagaye kamar kwabo, mai yiwuwa makero ne, kuma yana kama yara da sauri. In ka shafa bayanta ka ga baƙin gari kamar barkono a gindin gashi, kashin ƙuma ne. Don Allah kada a yi mata magani da ka. Parasitamol yana kashe mage ko da ƙwaya ɗaya ce, haka wasu magungunan ƙuma na karnuka, haka fiya-fiya. A kai ta asibitin dabbobi.

Idan ta yi cizo ko yaƙushin da ya fasa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar. Ba a jira a ga alama, domin ciwon haukan kare idan ya bayyana kusan ba a tsira.

Kashinta a kwashe kullum. Ƙwayar cutar da ke cikinsa mai illa ga ɗan tayi tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 kafin ta zama mai kama mutum, don haka kwashewar kullum tana rage haɗarin sosai. Mai ciki ta bar wa wani wannan aikin. Yaron da ya fara rarrafe kuma a nisanta shi da kwanon abincinta da tulin yashin tsakar gida, don a can take binne abinta.

Ranar suna da kwanakin hutu su ne lokacin da aka fi samun matsala. Hayaniya ta yi yawa, yaran dangi suna binta suna jan bindinta, da daddare ga ƙarar nokawut na sabuwar shekara. Magen da ta tsorata tana nunawa: kunnuwa su kwanta baya, bindi ya riƙa kaɗawa da ƙarfi, ƙwayar ido ta buɗe. A wannan hali kada a kusanto da jariri, a buɗe mata hanya ta wuce. Gara a kulle ta a ɗaki ɗaya da ruwa da abinci da kwanon yashi har taro ya watse. A hana yara ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke ta, da miya mai albasa da tafarnuwa, da cakulan. 'Yan'uwanmu da ke Ingila ko Amurka, da masu ƙawata gida don Kirsimeti, su lura da zaren ado mai ƙyalli: mage na haɗiye shi ya naɗe mata hanji har sai an yi tiyata. Ƙananan batura masu kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa kuwa, in yaro ya haɗiye, suna ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Masu son a jefar da ita su tuna hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ta saba da kwano a gida, a ajiye ta a juji cikin wannan sanyi, wuya za ta sha. Wanda ya ga ba zai iya kula da su biyun ba, ko likita ya tabbatar gashinta na tayar wa yaron da ciwon ƙirji, ya nemi gidan da za su karɓe ta, ya haɗa musu da katin allurarta.