Idan manhaja ta ƙi ci gaba, a binciki ginin

Shekara bakwai ke nan ina aikin injiniyan gine-gine a Ingila, kuma duk lokacin da na zo gida Kaduna nakan zauna da abokan karatuna muna duba zanen tankunan ruwa na ƙarfe da rufin gidajen mai. Abin da ke damuna shi ne yadda muke gamsuwa da lissafin da ya ɗauka cewa idan nauyi ya ninka, lanƙwasa ma ninkawa kawai za ta yi. Siririn ginshiƙi ba haka yake ba. Yakan jure har zuwa wani mataki, sannan ya goce gefe farat ɗaya, kamar yadda masanin lissafi Euler ya bayyana tun 1744.

A inda nake aiki, idan an yanka gini gunduwa-gunduwa a cikin manhajar lissafin gini irin su Abaqus ko ANSYS, ana ɗora masa nauyi ne kaɗan-kaɗan, manhaja tana sake lissafa siffarsa a kowane mataki ta hanyar Newton-Raphson, wato maimaita lissafi har sai amsa ta daidaita. Kafin haka kuma ana shigar masa da ɗan karkata da gangan, domin Eurocode 3, ƙa'idar Turai ta ginin ƙarfe, ta fara ne daga karkatar kashi 1 cikin 200 na tsayin gini. A nan ne nake ganin mu na gida mun fi injiniyoyin Ingila gata, amma ba mu amfani da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, yana kallon walda ya san cewa, komai ƙwarewar maƙeri, ƙarfen da aka haɗa da hannu ba ya fita miƙe sarai. Mun ga wannan da idonmu, amma sai mu ba kwamfuta ginshiƙi marar aibi.

Babban kuskure yana zuwa ne sa'ad da lissafi ya ƙi daidaita. Na sha ganin matashin injiniya, a can da nan, yana ƙara wa manhaja abin da ke danne girgiza har sai ta ba shi amsa, bai tambayi dalilin tsayawarta ba. Sau da yawa tsayawar tana nufin ginin ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Abin da ya dace shi ne a koma hanyar Riks, wadda ke barin nauyi ya ragu yayin da lanƙwasa ke ƙaruwa, domin a ga halin ginin bayan gocewa.

A 1978 rufin zauren wasanni na Hartford a Amurka ya rufta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan 'yan kallo sun watse, alhali da kwamfuta aka lissafa shi. Sandunan da nauyi ya danne ne suka lanƙwashe. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da guguwar farkon damina. A ofishinmu ba a sa hannu a irin wannan lissafi sai wani injiniya dabam ya gwada shi da biro da takarda, kuma ina fatan COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta wajabta hakan a kan duk doguwar hasumiya da faffaɗan rufi.