Bobby Orr, ɗan bayan da ya ƙi zama a baya

In masoya wasan hoki na ƙanƙara a Kanada da Amurka suka zauna musun wane ɗan baya ne ya fi kowa, wasu kan kawo Ray Bourque da makinsa 1,579, wasu Nicklas Lidström ɗan Suwidin. Ni dai ina ɓangaren Bobby Orr, duk da wasa 657 kacal ya buga a NHL, babbar gasar hoki ta ƙasashen biyu.

Kafin Orr ya shiga ƙungiyar Boston Bruins a 1966, galibi aikin ɗan baya shi ne ya tare hanya, ya ƙwace faifan roban da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya miƙa wa 'yan gaba. Shi kuwa wannan yaro na garin Parry Sound sai ya ɗauko faifan tun daga bayan ragarsu, ya ratsa filin kaf, a bi shi a rasa. Sau biyu, a 1970 da 1975, ya fi kowa maki a gasar baki ɗaya, har da 'yan gaban da aikinsu ke nan. Har yau babu ɗan bayan da ya sake yin haka. Kyautar Norris ta gwarzon 'yan baya kuwa, shekara takwas a jere tana hannunsa.

Ranar 10 ga Mayu 1970, daƙiƙa 40 da shiga ƙarin lokaci, ya ci ƙungiyar St. Louis, ya kawo wa Boston kofin Stanley, kofin zakarun gasar. Noel Picard na St. Louis ya taɗe shi da sanda, aka ɗauki hoton Orr yana shawagi a iska, hannaye a miƙe.

Masu suka kan ce bai daɗe ba. Gaskiya ne. Gwiwarsa ta hagu ta sha fiɗa har ba ta ƙara ɗaukarsa, ya ajiye sanda a 1978 yana ɗan shekara 30. Amma salon da ya sa ake maganarsa shi ya cinye gwiwar, domin mai kutsawa tsakanin ƙarti da irin wannan gudu dole ya sha karo. Ba daidai ba ne a yaba kutsen sannan a ci shi tarar raunin.

Abin haushi, wakilinsa Alan Eagleson, wanda ya kai shi ƙungiyar Chicago a 1976, ya bar shi kusan a tsiyace. Sai a 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotu, aka ɗaure shi.