Manhajar digiri na biyu a injiniyancin masana'antu: a fara daga injin da ya tsaya

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, in an zo tsara manhajar digiri na biyu a injiniyancin masana'antu, shi ne yadda ake ɗauko ta wata jami'ar Ingila ko Amurka a sauya mata bango kawai.

Ga misali, tsarin kamfanin Toyota da Taiichi Ohno ya gina bayan yaƙin duniya na biyu: kada a jibge kaya a sito, kowane sashe ya iso daidai lokacin da ake buƙatarsa. Hikima ce babba, dole ɗalibi ya san ta. Amma an ɗora ta ne a kan wutar da ba ta ɗaukewa, da masu kawo kaya na kusa da gida. To mai kamfanin roba a Sharaɗa fa, da ke wuni a kan janareta, wanda in wani ƙarfe ya karye a injinsa sai ya jira daga Chaina ta tashar Apapa? Shi ma za a ce masa kada ya ajiye kayan gyara?

Ni a ganina, zangon farko ya zama na kula da inji kafin ya lalace, da lissafin kuɗin wuta da dizal a kan kowane buhu da ya fito, da yadda ake auna ƙarfen da ya karye, a zana shi a kwamfuta, a ƙera shi a nan. Maƙeran Panteka a Kaduna sun daɗe suna wannan da ido da hannu. Abin da ya rage musu shi ne awo daidai da sanin irin ƙarfe, kuma a nan ne injiniya zai yi rana.

A karanta tarihinmu ma. Masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, Peugeot ya fara harhaɗa mota a garin a 1975. Me ya durƙusar da masaƙun Kakuri? Wuta, audugar da ta yi ƙaranci, atamfar fasa-ƙwauri, tsofaffin injuna. Darasin zango guda ne cur.

Kundin bincike kuwa, don Allah a daina rubuta shi daga ɗakin karatu. Ɗalibin ABU ko BUK ya tare wata shida a kamfanin casar shinkafa ko majema ta Challawa, ya kama matsala ɗaya, a ce yawan karyewar shinkafa wajen gyara, ya rage ta. Ranar kare kundin, manajan kamfanin ya zauna cikin masu jarrabawa, ya faɗa da bakinsa ko an samu sauƙi.