Daren da na'ura ta sallama shaddata

Shadda, atamfa da leshi nake sayarwa a Babbar Kasuwar Gombe, kuma tun da WhatsApp ya shigo harkar rabin cinikina ya koma cikin waya, har abin ya so ya fi ƙarfina. Mace za ta turo hoton atamfar da ta gani a sitatus ta ce "wannan nawa?", in amsa, ta yi ɓatan dabo, sai an kwana biyu ta dawo ta ce a ajiye mata, alhali tuni atamfar ta isa Bajoga. Yaran shagona biyu suka zama masu gadin waya, ba mai awo ba mai yanka.

Ɗan yayata, wanda ya karanta kwamfuta, shi ya kawo shawara. "Kawu, ka wuce matakin sitatus. Shafi za a buɗe maka mai kwandon sayayya, mutum ya zaɓa, ya zuba, ya biya, kai kana barci." Wannan batu na kuɗi su shigo ina barci shi ya tafi da imanina.

Ya ɗora kwamfutarsa a kan dila ya fara jero mini manhajoji. Shopify, in ji shi, kamfanin Kanada ne, tun 2006 yake aiki, kuma kamar shagon haya yake a filaza: an yi fenti an ja wuta, amma hayar wata-wata da dala ce, kuma ba kowane bango aka yarda ka fasa ba. Tsarinsu na karɓar kuɗi bai iso Najeriya ba, sai ka haɗa da irin su Paystack ko Flutterwave, sannan a ƙaramin tsarinsu su cire kashi 2 cikin 100 na kowane ciniki. Ina jin dala na gyara zama, don ban manta yadda ta yi da mu a sarin shadda ba tun da aka saki naira a 2023. WooCommerce kuwa fili ne kyauta a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, kai za ka yi gininka, ka biya masu ajiye maka shafin, ka riƙa liƙa masa ƙananan manhajoji yadda kake so. Da ya zo kan Magento, wanda Adobe ta saya a 2018, cewa ya yi sai ina da injiniya mai albashi. Na ce ya wuce, albashin yara biyu ma da addu'a ake haɗa shi.

Na ɗauki WooCommerce saboda a nan ne zan iya sauya abin da na ga dama. Shi yaro a tunaninsa sauyin bai wuce launi da hoto ba. Ni kuwa damuwata daban. Atamfa da turmi ake sayar da ita, yadi 6, shadda kuma da yadi, 5 ga mai kaftani, 10 ga mai babbar riga, to in mutum ya danna "1" me ya saya? Aka gyara. Wurin adireshi na ga ana neman lambar gidan waya mai alƙaluma 6, na ce ya nuna mini mutum ɗaya a layinmu da ya san tasa. Aka cire, aka sa wurin kwatance, kuma kwatancen farko da ya shigo shi ne "Pantami, bayan firamare, gida mai bishiyar maina, a ce maman 'yan biyu". Aka sa zaɓin tasha ga na nesa, Tashar Dukku ko ta Dadin Kowa, da wurin turo lambar direba. Aka haɗa Paystack, masu cire kashi 1.5 cikin 100 da naira 100, ba ya wuce naira 2,000 komai girman ciniki, amma na sa aka bar ƙofar taransifa a buɗe, don akwai hajiyoyin da in ba su turo hoton rasit da hannunsu ba, a wurinsu ba a biya ba.

Shafi ya hau. Kwanduna suka yi ta cika, alat shiru. Na kira wata tsohuwar kwastoma na ce lafiya? Ta ce, "Alhaji, na'urar nan taka ba ta san mutunci ba. Na ga kuɗi, na nemi inda zan taya, babu. Ni a rayuwata ban taɓa sayen atamfa a kuɗin farko ba."

Gaskiyarta. Na sa yaro ya nemo wata ƙaramar manhaja ta tayi, ni da bakina na tsara mata magana. In tayi ya yi ƙasa ta ce "Albarka." In ya kai ta ce "An sallama, Allah ya sa alheri." Akwai ɗan akwatin da ake rubuta mafi ƙarancin kuɗin da za ta karɓa. Ana cikin aikin aka ɗauke wuta, ga shi za a fara ƙwallo, ya ce gobe da safe zai ƙarasa. Ashe akwatin da ba komai a ciki, sifili na'ura take karanta shi.

Tun kafin kiran assalatu waya ta fara ƙugi a ƙarƙashin filo. Na tashi uwargida na ce ta ga abin da nake gaya mata, kuɗi ne ke shigowa muna barci. Ta karɓa ta ƙura ido. "Alhaji, wannan fa naira 1,000 ce." Na duba. Shadda yadi 10 ta naira 120,000. Na duba na ƙasa, leshi, naira 1,000. Wata Hajiya ce a Kumo mai haɗa lefen ɗanta ta taya da wasa, aka sallama mata har da addu'a, sai ta haɗa akwati guda, sannan saboda zumunci ta sanar a gurup ɗin matan unguwarsu.

Wayar ɗan yayata a kashe. Na fizge wayar cajin kwamfutar, na rufe ta, na tura ta ƙarƙashin gado. Alat bai fasa shigowa ba, don shagon ba a cikinta yake ba, yana can wata uwa duniya inda nake biya a ajiye mini shi. Sai da na je da silifas ɗin banɗaki na buga ƙofar gidan yayata kafin aka rufe shafin.

Da hantsi sai ga Hajiya a ƙofar shago da samarinta biyu da buhunan zuba kaya, tana ɗaga waya. Muka je gaban shugaban layinmu. Ya karanta saƙon a hankali ya ce, "Wa ya ce an sallama?"

Na ce, "Na'ura ce, Baba."

"Wa ya koya mata?"

Na yi shiru.

"Har addu'ar?"

Maƙwabtana na shago, waɗanda ko a biki ban taɓa ganinsu cikin farin ciki haka ba, suka yi ta riƙe ciki. Aka yi sulhu: matan gurup a mayar musu da kuɗinsu tare da ban haƙuri, Hajiya kuma ta ɗauki kayan lefenta a kan uwar kuɗi, da turmi ɗaya gyara. Wuni na yi ina kiran mutane ina roƙonsu su karɓi naira 1,000.

Yanzu kowane kaya da ƙarancin kuɗinsa a cikin akwatin nan, ni nake rubutawa da hannuna. Amma duk daren Juma'a Hajiya sai ta shigo ta taya shadda naira 1,000, na'ura ta ce mata albarka, ita kuma ta turo mini saƙon murya: "Alhaji, yarinyar nan taka fa ta yi wayo."