Itacen wuta ma sai da takarda: kwanan daji a Watkins Glen da tunanin Gurara

A ƙofar sansanin kwana na gandun Watkins Glen, cikin jihar Niyok ta Amurka, wani ɗan'uwanmu ya iso da iyalinsa, bayan motarsa shaƙe da itace da ya ɗauko tun daga wata jiha, niyyarsa idan dare ya yi ya gasa musu tsire. Ma'aikaciyar ta hango itacen, ta tambaye shi daga ina ya fito. Ya ce, "Haba, itace ne fa!" Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya masa ba a shigo da irin wannan, ta kwatanta masa inda ake sayar da ɗaurin da aka yarda da shi. Uwargida na gaban mota tana ta dariya a cikin mayafi.

Abin ya yi kama da neman magana, amma akwai dalili. Wani ɗan ƙwaro mai launin kore, da aka fara ganowa a jihar Mishigan a 2002, yana zuba ƙwai a ɓawon wata bishiya da suke kira ash, tsutsarsa ta cinye ƙarƙashin ɓawon har bishiyar ta bushe a tsaye. Ya kashe miliyoyin bishiyoyi. Shi da kansa ba ya tashi da nisa, mota ce ke kai shi, a cikin itacen masu kwanan daji. Shi ya sa dokar Niyok ta hana a shigo da itacen wuta daga wata jiha, ta kuma hana a yi tafiyar da ta wuce mil 50 da shi, wato kilomita 80, sai dai wanda aka gasa har cikinsa ya kai digiri 71 na tsawon minti 75. Ko na kusa ka ɗauko, sai da takardar da ke nuna inda aka saro shi. Ku da ke gida kun san tirelolin gawayi da ke wucewa dare da rana, ba sai na tsaya kwatance ba.

Shi wurin kansa kwazazzabo ne a kudancin tafkin Seneka. Rafi ne ɗan ƙarami, wanda da a ƙauyenmu yake da ko suna ba zai samu ba, amma ya ƙwaƙule dutse har ya gangara kimanin mita 120 cikin tafiyar kilomita 3, ya bar bango hagu da dama mai tsayin mita 60 a wasu wurare. Magangarun ruwa 19 ne a jere. Hanyar ƙafa ta bi ta cikin kwazazzabon, kusan kilomita biyu da rabi, da matakala 832 na dutse. A wuri biyu hanyar ta ratsa ta bayan ruwan, yana zubowa gabanka kamar labule, feshinsa na jiƙa maka riga. A ƙarshe akwai hawa 180 a miƙe, nan ne ake gane wanda ya yi karin kumallo. Mai ciwon gwiwa gara ya hau motar da ke kai mutane ƙofar sama a lokacin zafi, ya biyo hanyar yana saukowa, ko da yake ruwan ya fi kyan gani ga mai hawa, tunda yana fuskantarsa.

Matakalan kullum a jiƙe suke, ga gansakuka. Silifas da takalmi mai sulɓin ƙasa su ne ke kai mutum ƙasa, kuma doguwar riga ko abaya sai an tattare. Keken jarirai ba ya shiga, a nan goyonmu da zani ya fi duk wata dabararsu. Ba a wanka a rafin, komai kyan da ya yi maka. Ƙarƙashin magangara ruwa juyawa yake yi kamar ana tuƙa tuwo, yana jan mutum ƙasa ya dawo da shi inda ya fito, ga sanyin da ke ɗaure gaɓoɓi. Mai son iyo akwai babban wurin ninƙaya da aka gina can sama, da masu tsaro.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rufe hanyar da suke yi duk hunturu, ba a buɗewa sai wajen tsakiyar watan Mayu. Dutsen wurin falle-falle ne kamar an jera takardu. Ruwa ya shiga tsaga, sanyi ya mayar da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta kumbura ta ɓalle dutsen, ya zauna yana jiran kan wani. To kafin a buɗe, ma'aikata ne ke ɗaura igiya su sauko ta jikin bangon da sandunan ƙarfe, suna ɓamɓare duk abin da ya yi sako-sako. Duk shekara. Jiha ta karɓi wurin tun 1906, ambaliyar 1935 ta share hanyoyin, aka sake gina su da dutse, kuma yawancin ginin nan ne ake takawa har yau.

Yanzu a ɗora wannan kusa da namu. Gurara, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, tsayinta wajen mita 30, kuma idan damina ta kankama rugugin ruwanta kaɗai ya ishe ka. Farin Ruwa a ƙasar Wamba ta kai wajen mita 150. Ga Matsirga kusa da Kafanchan, ga Assop a hanyar Jos. Wallahi ko ɗaya daga cikin 19 ɗin nan ba ta kama ƙafar Gurara ba. Allah bai rage mu da komai ba. Amma ruwa ba shi ake sayarwa a Watkins Glen ba. Abin da mutum ke biyan dala 10 na mota dominsa shi ne matakalar da ba ta girgiza, da bangon da aka duba, da banɗakin da za ka shiga da buta ka fito ba ka toshe hanci ba. Mu mun iya buɗe wuri da kakaki da algaita. Wanda zai dawo shekara mai zuwa da igiya shi ne babu. Yankari ta zama gandun tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, ruwan Wikki na nan da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, ba ruwansa da wanda ke riƙe da takarda.

Ba wai Watkins Glen ɗin aljanna ba ce. Filin kafa tanti kusan 300 ne, amma ana kama wuri ta intanet tun saura wata 9, wanda ya ce sai ranar ta zo zai kwana a mota. Filinka ɗan fage ne da tebur ɗaya da murhun ƙarfe, mutum shida iyaka. Shimfiɗa tamfol ƙarƙashin tantin, amma kada bakinsa ya leƙo waje, in ya leƙo ruwan sama zai taru ya kwanta ƙarƙashinka. Sanyin ƙasa ya fi na iska cutarwa, bargo uku a sama ba su kai katifa ɗaya a ƙasa ba. Abinci a kulle shi cikin mota, domin akwai wata dabba mai zoben baƙi a wutsiya, rakun, da ke buɗe kula da hannu kamar mutum. Sai kaska, ƙarama kamar ƙwayar riɗi, mai sa wata cuta da suke kira Layim. A duba jikin yara kowane dare, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa, a cire ta da hantsaki a miƙe, ba a murɗawa, ba a ƙona ta. Galibi sai ta kwana manne kafin ta sa cutar.

Ƙarfe goma na dare kuma sai shiru, doka ce. Daidai lokacin da hira ke fara daɗi. Bature ya biya kuɗi, ya yi tafiyar awa biyar, don ya kwana a ƙasa ya kalli taurari, abin da muke yi kyauta duk bazara, tabarma a ƙofar gida, dattawa na gyangyaɗi da rediyo a kunne, mai shayi bai tashi ba. A da manomi yakan kwana a bukkar gona lokacin kaka, fatake su yada zango a gindin tsamiya. Yau ka ce wa mutumin Birnin Gwari ko na Zurmi zai kai 'ya'yansa daji su kwana don nishaɗi, sai ya dube ka sau biyu. Tanti a wurinmu ya koma alamar gudun hijira.

A sansanin nan kuwa, tsakaninka da daji ƙyalle ne da zif. Can wajen ƙarfe biyu ka ji motsi a ganye, jikinka ya riga hankalinka tashi, ka laluba tocila kana karanto duk addu'ar da ta zo bakinka. Ka haska, rakun ne a kan tebur, riƙe da ledar kilishin da aka manta.