Zaman Kashe Wando Mai Albashi

Duk wanda ya taɓa leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma da hantsin Laraba ya san yadda take. Mutum biyar a ofis, tebur biyu, fayil ɗaya. An sa hannu a rajista, an gaisa, an tambayi iyali, an latsa waya har caji ya ƙare. Kafin azahar an koma gindin darbejiya, bayan salla kuwa sai gobe in Allah ya kai mu. Mutanen gari kan ce waɗannan sun huta, kuɗi na shigo musu ba gumi. Ni dai ban yarda hutu ba ne.

Akwai ƙanen wani abokina da ya karanta aikin akanta, aka ɗauke shi a mataki na 8, gida ya cika da murna. Shekara uku ke nan, babban aikinsa shi ne kai takarda daga ofishin oga zuwa na ma'aji, aikin da masinja ke yi tun kafin a haife shi. Da na tambaye shi lafiyar aiki, bai fara da kukan albashi ba. Cewa ya yi, "Yaya, wallahi abin da na karanta zubewa yake yi daga kaina."

Wannan gundura ita ce ciwon da ba mu cika ambata ba, domin da zarar ma'aikaci ya ce ya ƙosa sai a ce masa ya gode wa Allah, dubbai na neman kujerarsa. Sai ya yi shiru, ya koma zuwa a makare, ya riƙa ɗaure wa talakan da ya kawo takarda fuska. Mu kuma mu kira shi malalaci.

Tun a 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya bambanta abu biyu: albashi da yanayin ofis suna rage ƙorafi, amma jin daɗin aiki daga aikin kansa yake fitowa, wato a damƙa maka wani abu, ka gama shi, a san kai ka yi. Ba ina raina ƙarin albashi ba ne. Wanda ya san farashin buhun shinkafa ba zai ce ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024 ya yi yawa ba. Sai dai ko an ninka shi uku, mai zaman jiran la'asar zai ci gaba da jiranta.

Ina aikin ya tafi? Da farko, gurbin aiki ya zama rabon alfarma: ɗan siyasa na da yara goma, sai a cusa su ko da babu abin yi. Sannan ƙananan hukumomi 774 sun daɗe kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, lamarin da ya kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Injiniyan da ba a ba shi ko kwalbati ɗaya ya gina ba, me zai yi da safiyarsa? A tarayya ma, rahoton kwamitin Oronsaye na 2012 kan rage hukumomin gwamnati ya ƙirga hukumomi 541, da yawansu suna taka sawun juna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ogan da ke rungume duk aikin da ke da maiƙo, ko ya miƙa wa ɗan kwangila, ya bar matasan da ke ƙarƙashinsa suna hamma.

A Faransa, a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ba wani tsohon ma'aikacin kamfanin turare diyya, saboda an ajiye shi shekaru babu aikin kirki har lafiyarsa ta taɓu. A nan kuwa, idan ana son hukunta ma'aikaci, haka ake yi masa: a mai da shi hedikwata, a hana shi tebur. Ashe shugabanni sun san zaman banza azaba ne, tun da da shi suke horo.

Shi ƙanen abokin nawa yanzu ya kama rumfa a kasuwar waya. Yakan biya ofis da safe ya sa hannu, sannan ya wuce inda ake buƙatar lissafinsa.