Gwamnati da manyan 'yan kasuwa: cinikin da ba a gaya mana sharaɗinsa ba

A watan Fabrairun 2024, da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wasu garuruwa, Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a Abuja, aka fito aka ce an daidaita: buhu zai tsaya tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. Bayan 'yan makonni na je sayen buhu shida don gyaran katangar gidanmu da damina ta cinye. Na tuna wa mai shagon abin da aka sanar. Ya kaɗe ƙurar hannunsa a jikin riga, ya ce, "Malam, ai wancan farashin na rediyo ne." Na biya abin da ya faɗa, na tafi ina tunanin wace irin yarjejeniya ce wannan, wadda babu mai tsoron saɓa ta.

Masana harkar shugabanci suna da suna ga irin wannan zama. A 1978 wani masani ɗan Amurka, James MacGregor Burns, ya raba shugabanci gida biyu. Akwai na ciniki, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Akwai kuma wanda shugaba ke jan mabiyansa zuwa ga wata manufa da ta fi ƙarfin aljihun kowa. Masu sharhi a ƙasar nan sun fi son yabon na biyu da tsine wa na farko. Ni ban yarda ba. Ɗan kasuwa ba don Allah ya buɗe masana'anta ba, kuma babu laifi a hakan. Tsakaninsa da gwamnati dole a yi ciniki. Abin tambaya shi ne me aka karɓa a madadin abin da aka ba shi, kuma wa ke duba ko ya cika.

Koriya ta Kudu ta yi wannan ciniki a fili. A zamanin Park Chung-hee, wanda mulkin kama-karya ya yi kuma ba na wanke shi, ana zama duk wata kan kayan da ake fitarwa waje, shi da kansa yake jagoranta. Kamfani ya samu bashi mai sauƙin ruwa, amma da sharaɗin ya sayar da kaya a kasuwar duniya, inda sanayya ba ta aiki. Wanda ya kasa, tagomashinsa ya ragu.

Mu ma mun taɓa gwadawa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ɗaure lasisin shigo da siminti da gina masana'anta a cikin gida. Sharaɗi ne da ido ke gani, kuma ya yi aiki: ga Obajana a Kogi, ga Kalambaina a Sakkwato, ƙasar da ke jiran jiragen ruwa ta koma yin simintinta. Sai dai cinikin a nan ya tsaya. An kare kamfanonin daga gasar waje, ba a rubuta abin da mai gini a Gaya ko Funtuwa zai samu ba. Shi ya sa bayan shekara 22 minista ya koma roƙo.

Rikicin matatar man Dangote ya fi damuna. Matata ce mai iya tace ganga 650,000 a rana, Buhari ya ƙaddamar da ita a Mayun 2023. Dokar man fetur ta 2021 ta riga ta wajabta wa masu haƙo ɗanyen mai su ba matatun gida kasonsu. Duk da haka a Yulin 2024 sai ga mai matatar da shugaban hukumar da ke sa ido kan harkar mai suna musayar yawu a gaban 'yan jarida, har sai da majalisar zartarwa ta amince a sayar masa da ɗanyen mai da naira. Wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka sai da maganarsa ta kai fadar shugaban ƙasa kafin doka ta motsa. To, ina ga mai ƙaramar masana'antar roba a Sharaɗa, wanda rabin ribarsa ke ƙonewa a janareto?

Shi ba ya cikin ɗakin da ake shawarar ma. Majalisar tattalin arziƙin da Tinubu ya kafa a 2024 ta ƙunshi Aliko Dangote da Abdulsamad Rabi'u da Tony Elumelu, kuma sun cancanci kujerunsu. Amma da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, da aka canza fasalin naira a ƙarshen 2022, 'yan Kantin Kwari da Dawanau a labarai suka ji, su da cinikinsu ya dogara da tsabar kuɗi da hanyar Maraɗi. Ba sai mun je Amurka neman nazari a kan wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka da mahauta cikin aikin mai mulki. Bai ce a tsaya kan attajiran gari ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Duk rangwamen haraji ko na kwastan da aka yi wa wani kamfani, a buga sunansa, da adadin kuɗin, da abin da ya yi alkawari, da ranar da za a dawo a duba. In ya cika, a sabunta masa. In bai cika ba, a janye, a ba na bayansa. Majalisar Tarayya tana da ikon neman waɗannan takardu, kuma lokacin kare kasafin kuɗi ministoci da ƙafarsu suke zuwa gabanta.